Muryar Amatullahi a Shafin Mufida

Akwai wata matar aure a Kalgo mai suna Mufida, wadda ke sayar da turaren wuta da humra a shafinta na Instagram. Ba ta taɓa sayar da jabu ba. Daga Gwandu take saro kayanta, na wani ƙaramin kamfani mai suna Ƙamshin Amatu, kwalabe a rufe da tambarinsu. Sai dai kasuwa ta ƙi buɗe mata, don hotunan da take ɗauka ba sa jan ido.

Wata rana tana binciken tsohuwar wayarta ta ci karo da wani bidiyon talla da ta taɓa saukewa daga shafin kamfanin. Wata doguwar mata ce cikin hijabi ruwan toka, riƙe da kasko, hayaƙi na tashi gefen fuskarta. Tana murmushi tana cewa, "Ni ce Amatullahi. Ina nan ina jiranku, ku zo ku same ni."

Mufida ta yanke ƙarshen bidiyon inda adireshin Gwandu yake, ta sa lambarta da kwatancen gidanta. Ta ɗora tambarin kamfanin a saman shafinta, ta rubuta: Babbar wakiliyar Ƙamshin Amatu a Kalgo.

Mijinta Sirajuddeen ya gani, ya ce, "Sun ba ki izini kuwa?"

"Izinin me? Kayansu ne na asali nake sayarwa. Talla ma nake yi musu kyauta."

Cikin sati biyu oda ta fara shigowa kamar ba gobe. Tare da odar kuma wasu saƙonni suka fara zuwa da ba ta gane kansu ba. Wata ta rubuto, "Amatu, ke ce?" Wani ya rubuto innalillahi kawai. Wata kuma ta kira, ba ta ce komai ba, sai numfashi da sheshsheƙa, ta kashe.

Sai ga saƙo daga wani Abdulhakeem, ya ce shi ne mai kula da kamfanin. "Hajiya, ki ci gaba da sayar da turarenmu, ba mu hana ki ba. Amma tambarin nan mun yi masa rajista, kuma ba mu naɗa ki wakiliya ba. Bidiyon kuwa, don girman Allah ki sauke shi yau. Ki ɗauki wayata in yi miki bayani."

Mufida ta yi tsaki, ta ce hassada ce. Ta toshe lambarsa ba tare da ta saurari bayanin ba.

Ranar wata Talata, bayan azahar, unguwa ta yi tsit saboda zafin rana. Mufida na tsakar gida tana jera kwalabe sai ta ji kamar ana kallonta. Ta ɗaga kai. Wata tsohuwa ce tsaye a bakin zaure, ba sallama, ƙafafunta duk ƙura, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu. Ba Mufida take kallo ba, ƙofar ɗakin da ke bayanta take kallo.

"Sannu, Inna. Turare kike so?"

"Ina take?"

"Wa?"

"Ɗiyata. Ta ce tana nan tana jirana."

Tsohuwar ta shigo a hankali, tana shaƙar ƙamshin da ya cika gidan. Ta ɗaga labulen ɗakin ta leƙa, ta kira da ƙaramar murya, "Amatu? Taho, ni ce. Ban yi hushi ba."

Mufida ta ce, "Inna, ni ban ma santa ba. Ai tana Gwandu."

Tsohuwar ta juyo ta yi mata wani irin murmushi. "Haka suka ce min. Wai sun kai ta makwancinta, wai zuciya ce. Ni na san ƙarya suke. Ga shi jiya maƙwabciyata ta nuna min ita a waya, tana magana, ta ce tana Kalgo."

Kwalbar da ke hannun Mufida ta suɓuce ta fashe. Sati uku ke nan kullum da safe tana ɗora muryar matacciya tana kiran mutane gidanta.

Ta buɗe lambar da ta toshe, ta kira. Bugu ɗaya Abdulhakeem ya ɗauka, ta gaya masa zancen tsohuwar. Ya ce mahaifiyarsu ce, Inna Kubura, tun hantsi suke nemanta, har garin Kambaza an je.

Kafin ya iso, tsohuwar ta zauna a ƙofar ɗakin ta ƙi shan ruwa, ta ce sai Amatu ta fito su sha tare. Mufida ta zauna nesa da ita.

Da la'asar sakaliya Abdulhakeem ya shigo. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Yayata ce ta kafa kamfanin nan. Kafin ta rasu ta bar wasiyya a cire duk hotunanta daga intanet, muka cire. Wata takwas muka yi muna fama da Inna kafin ta fara cewa Allah ya jiƙan Amatu. Yau kin mayar da mu ranar farko."

Mufida ta durƙusa tana kuka. "Wallahi ban sani ba."

"Na so in faɗa miki. Ko da tana raye ma, bidiyon ba naki ba ne."

A gabansa ta goge bidiyon da tambarin. Amma ƙorafin da lauyan kamfanin ya riga ya shigar wa Instagram ya yi aiki, bayan kwana uku aka rufe shafinta da duk mabiyansa. Ta sake buɗe wani daga farko, da hotunan da ta ɗauka da hannunta, ta rubuta gaskiya: tana saro kaya ne tana sayarwa.

Inna Kubura kuwa ba ta koma daidai ba. Har yanzu, duk ranar da ta samu ƙofa a buɗe sai ta hau mota zuwa Kalgo. Mufida kan shimfiɗa mata tabarma, ta kira Abdulhakeem, sannan ta zauna kusa da ita, tsohuwar na kallon labule tana jira.

Darasi: Sayen kaya na asali ya ba ka damar sayar da su, amma bai mallaka maka tambarin masu kayan ba, ko hotunansu, ko muryarsu. Ɗauki hoton kayanka da kanka, kada ka kira kanka wakilin wanda bai naɗa ka ba, kuma in mai abu ya ce ka sauke, saurare shi, don ba ka san abin da ke bayan hoton ba. Ku tura wa 'yan'uwa masu kasuwanci a waya, wataƙila wani ya duba shafinsa yau.