Wanda Bai Miƙe Ba

An ce wai an yi wani sarki, Dambo, wanda ko inuwarsa bai yarda da ita ba. Wani Buzu ya kawo masa tsiron da ake kira Yatsun Dutse: ganyensa kauri-kauri kamar yatsun jariri, toka-toka, bakinsu ja, kuma ganye ɗaya yake ƙarawa a shekara. Buzun ya gaya wa Nomau mai lambun fada cewa raɓa kaɗai tsiron yake sha.

Ba a daɗe ba tsiron ya yi laushi, ya faɗi. Sarki ya ce: "Kullum na leƙa, butarka a bushe take. Maƙiyana suka sa ka. Za ka bar garin nan da iyalinka!"

Nomau ya faɗi maganar Buzu, aka yi masa dariya. Ya zauna a ƙasa yana kallon Alƙali Jatau, wanda ya tsoma yatsa cikin tukunyar da aka dasa tsiron, ya shinshina, ya goge a rigarsa.

Alƙali ya ce: "Ranka ya daɗe, kafin a hukunta mai sakaci, a fara saka wa masu kirki. Duk wanda ya taɓa tausaya wa tsiron nan ya ba shi ruwa a ɓoye, ya miƙe."

Shamaki ya yi zumbur. "Ni dama idon Nomau bai kwanta mini ba."

Jakadiya ta ce: "Kai da yaushe? Ni safe da yamma!"

Dogarai suka miƙe, har gwaggon sarki da sandarta. Sarki ya yi gyaran murya, shi ma ya tashi. Nomau kaɗai ya rage a zaune.

Alƙali ya ciro tsiron, saiwarsa baƙa, tana ɗigar ruwa mai wari. Ya ce: "Ruwa ya ruɓar da shi. Kowa ya zargi Nomau, ya zo da butarsa. Wanda bai miƙe ba, shi kaɗai ya riƙe amana."

Sarki ya koma ya zauna a hankali. "To, yanzu shi ke nan?"

Nomau ya ce: "Allah ya ba ka nasara, ganye ɗaya ya faɗa kan dutse, har ya fid da saiwa."

Sarki ya ce: "Kada ka nuna wa kowa wurin." Sannan ya ƙara da cewa: "Har ni."

Wanda bai yarda da mai tsaro ba, da hannunsa yake ɓata abin da ya ba shi tsaro.