Sunan da Aka Kira Sau Uku

A daminar bara, akwai wani dattijo mai suna Illo a wani gari na yankin Madarumfa. Matarsa ta rasu shekara shida da suka wuce. 'Ya'yansa biyu, Bashir da Mansur, sun tafi cin rani Najeriya, rani ya ƙare sau huɗu ba su dawo ba. Abin da ya rage masa gona ce, wadda ta jingina da katangar gidan likitan garin.

Gidan likitan ɗaki uku ne da baranda. In zazzaɓin sauro ya sauka, gado goma sha biyu ke karɓar mutanen ƙauye bakwai. Wanda bai samu gado ba ya kwanta a baranda. In ta cika, sai gindin bedi, wato darbejiya, a rataye masa ƙarin ruwa a ƙusa.

Wata ƙungiya ta yarda za ta gina ɗakuna biyu in gari ya ba da fili. Filin kuwa ɗaya ne: gefen gonar Illo, taki talatin. 'Yan kwamiti suka je gidansa, cikinsu har da Balaraba mai wakiltar mata, wadda 'yarta ta haihu a barandar nan, an kare ta da zannuwa.

"Baba Illo, ba duka muke roƙo ba," in ji ta. "Daga layin gamban nan na jikin katanga, taki talatin kawai."

"Gonar yara ce. In sun dawo mi zan nuna musu?"

"Baba, su ma in ciwo ya kama su nan za a kawo su."

"Ke, tun yaushe mata ke raba gona? Ni ban taɓa kwana likita ba, ba ni kuma da niyya."

Suka tashi suka tafi.

Gero na fitar da kai zazzaɓi ya kayar da shi. Kwana uku yana ɗaki kafin wani maƙwabci ya lura ƙofar ba ta buɗe ba. Ya ɗora shi a amalanke, ya kai shi, ya ajiye masa karnensa, wato ɗan littafin magani, a kan tebur, ya koma gona. Aka yi wa Illo allura ɗaya, aka ce majo, babban ma'aikacin wurin, zai duba shi da safe.

Baranda a cike take, gindin bedi ma haka. Aka shimfiɗa masa can baya, jikin katanga. Yana kwance yana ganin kawunan geronsa na leƙowa.

Wurin yana da tsarinsa. Da safe ana kiran sunaye daga tarin karne. Mara lafiya ba ya amsawa, mai jinyarsa ke amsawa ya kawo shi. In an kira sau uku shiru, a mayar da karne ƙasa. Ba mugunta ba ce. Ma'aikata biyu ne, mutane sun fi tamanin.

Illo ya ji sunansa daga nesa. Ya amsa. Muryar ba ta wuce tabarmarsa ba.

Kowa a kusa da shi yana da wani. Wannan ana yi masa fifita, wancan ana ba shi koko da ludayi. Masu wucewa suna ce masa sannu, kowa na zaton mai jinyarsa ya ɗan fita ne. Ya kira Bashir, wayar ba ta shiga. Ya kira Mansur.

"Baba, ka sha magani. Ina kan aiki, zan kira ka."

Kafin la'asar wayar ta mutu. Washegari ma aka kira, aka mayar da karnen ƙasa.

A rana ta uku Balaraba na baranda tana jinyar jikanyarta. Da ta je zubar da ruwa ta ga mutum jikin katanga, ta gane hularsa, ta wuce.

"Illo Adamu!" in ji mai kiran suna.

Ta ci gaba da matse zane.

"Illo Adamu! Kwana uku ke nan. In ya koma gida a cire."

Ta duba hagu, ta duba dama. Babu wanda ya motsa.

"Illo Adamu!"

"Na'am!"

Mai kiran ya ɗaga kai yana dariya. "Inna Balaraba, yaushe aka raɗa miki Illo?"

"Yanzun nan. Riƙe karnen, ina zuwa."

Ta samu maza biyu suka ɗauko shi. Majo ya buɗe idon Illo ya duba, ya daina murmushi, ya ce da an ƙara kwana ɗaya da magana ta canza.

"Babu gado?" in ji Illo da ƙyar.

"Babu, Baba. Babu inda za mu sa shi."

Balaraba ta bar masa tabarmarta a baranda, ta koma gefen ƙafar jikanyarta. Kwana shida tana amsa sunansa, tana raba koko gida biyu. Ba ta ta da maganar gona ba ko sau ɗaya.

Ranar sallama ya tambaye ta, "Mi ya sa kika amsa?"

"Na so in yi shiru, Baba. Sai na ji suna na yawo ba mai shi."

Da aka girbe gero, Illo ya ɗauki hauya ya tuge layin gamban shi kaɗai, ya dasa shi taki talatin ciki. Ya kira Mansur ya ce, "Na ba da gefen gona."

"Wane gefe, Baba?"

Illo ya bar maganar, ya tambayi lafiyar yara.

Da ya je wurin majo, majo ya ce masa an makara. Ƙungiyar ta jira, ta gaji, ta kai aikin wani gari. Sai an sake rubuta takarda, a shiga layi.

"A rubuta," in ji Illo. "Filin na nan."

Daminar bana fili na nan, ba a aza ko bulo ɗaya ba. Baranda ta sake cika. Illo ya fara zuwa kowace safiya, ya zauna kusa da tebur da sandarsa a gwiwa.

"Sa'adatu Ilyasu!" in ji mai kiran suna.

Shiru.

"Sa'adatu Ilyasu!"

Illo ya dafa sanda ya miƙe. "Na'am. Riƙe karnen, bari in nemo ta."

Darasi: Alherin da aka roƙe ka yau, ka yi shi yau, don gobe mai yiwuwa ka kawo shi babu mai karɓa. In kuma ka je dubiya, kada ka tsaya kan naka kaɗai, ka duba wanda ke kwance ba kowa a gefensa. Ku tura wa 'yan'uwa, wataƙila akwai wanda ake kiran sunansa yau yana jiran mai amsawa.