Gajerar Dawar Gefen Kanwa

Akwai wani manomi da ya gaji gonar dawa daga mahaifinsa. Tsakiyar gonar ƙasa ce mai kyau, amma gefen gabas kanwa ce, har takan fito fara fat. Dawar da ke tsira a can gajera ce, zangarniyarta ko tafin hannu ba ta cikawa. Duk da haka, in tsohon zai ware iri, ba ya barin ta.

Ɗan kuwa ya ga wannan wauta ce. Da kaka ta yi, ya rataye manyan zangarniyu don iri, ya tura wa matarsa ƙananan.

Ta ce, "Maigida, a rage ko dami ɗaya mana. Baba bai taɓa cinye ta duka ba."

Ya ce, "Wannan abin kunyar zan shuka? Daka ki yi mana tuwo."

Ruwa ya yi ta sauka shekara da shekaru, ana ta yaba gonarsa, shi kuma yana ta hura hanci. Sai fari ya zo. Ƙasa ta bushe, kanwa ta hau har tsakiyar gona, doguwar dawar nan ta ƙone a tsaye. Mutumin ya shiga rumbu yana tonon kusurwa da farce, ko zai sami ƙwaya ɗaya ta gajerar.

Matar ta leƙo ta ce, "Maigida, me kake nema? Ai mun cinye ta. Har ƙari ka yi."

Ga ma'anar wannan misali. Allah ya sa wa kowane iri gadonsa a ciki, abin da masana ke kira ƙwayoyin halitta. A gajerar dawa, gadon nan barci yake yi sai wahala ta tashe shi. Shi ke sa ganye ya tsuke ƙofofinsa kada ruwa ya tsere, saiwa ta nutsa ƙasa, ta kuma tare gishiri. A shekarar ruwa ba wanda zai gan shi.

Gonar ita ce ikkilisiyarmu, wato jama'ar cocinmu, abin kuma yana ci mini rai. Mukan ba mai babbar riga kujerar gaba. Gwauruwar da ta binne miji da 'ya'ya amma ba ta daina waƙar yabo ba, ko gaisuwar kirki ba ta samu, har ta daina zuwa. Ranar da fari zai zo mana, za mu nemi wanda ya iya addu'a da yunwa a cikinsa. Za mu juya ga benci na baya inda take zama, mu tarar ba kowa.