Jarumin da Ya Hana Matarsa Asibiti

Ya 'yan uwa, an yi wani mutum a wani ƙauye tsakanin Bakura da Mafara. Ba zan kama sunansa ba, wataƙila danginsa na zaune cikinmu.

Matarsa Taibatu ta samu ciki, ya hana ta zuwa awo. Ya ce asibiti na ragwayen mata ne, shi a gindin rumbu uwarsa ta haife shi, ta miƙe ta ƙarasa sussuka. Kullum da wannan labari yake cika majalisa, sai ka ce shi ya yi naƙudar.

Ranar da haihuwa ta zo, abu ya ƙi. Ungozoma ta duba ta ce ɗan a gicciye yake, a nemi mota. Aka aika masa yana teburin mai shayi. Ya ce, "Ba inda za ta tahi. Ku ba ta rubutu, in na shanye shayina ina zuwa."

Labari ya kai ga yayanta Dikko. Bai jira izinin kowa ba, ya samo mota ya kai ta asibiti a Mafara. Mutumin ya biyo su kan babur, tun daga ƙofa yake faɗa wai an sace masa mata. Malamar asibiti ta ce, "Kai ne mijin? Madalla. Jini muke nema, naɗe hannun rigarka."

Ya 'yan uwa, allurar ko taɓa shi ba ta yi ba. Ganinta kawai ya yi, ya zube ƙasa. Mata masu tsohon ciki ne suka kewaye shi suna yi masa fifita da katin awo. Dikko ya ba da jinin, aka yi aiki, aka ciro ɗiya da ranta.

Taibatu ta wuce gidansu wanka. Arba'in ta cika, ba ta dawo ba. Ya je biko, ta ce gara alƙali ya ji. Alƙali ya ji, ya raba auren. Mutumin ya nemi wata a Maradun, uban ya bincika, ya ce ɗiyarsa ba ta da rai biyu. Yau shi ke tuƙa tuwonsa, ɗiyar da Taibatu ta haifa masa kuwa Dikko take kira baba.

Kuna dariya. To wa ya ba namiji ikon yin jarumta da ran wani? Amana aka ba ka. In naƙuda ta kama iyalinka, aje kofin, ka nemo mota.

Allah ya sauki masu ciki lafiya, ya kiyaye mu da taurin kai.