Sarki Jatau da Asalin Juji

An ce a zamanin Sarki Jatau, tafinta ya dawo daga bakin teku da labarin cewa Turawa suna da sunaye barkatai na shara, kowanne da asalinsa. Kishi ya kama Sarki, wai a fi shi ko da a juji! Ya hana share gari sai Mantau, shugaban masu shara, ya kawo asalin sunan kowane tsumma da ɓawo kafin Juma'a, in ya kasa a kore shi daga ƙasar. Aka karɓe tsintsiyarsa, tsohon ya zauna bakin juji yana hawaye.

Wata ungulu ta ji tausayinsa, ta sauka a fada ta ce, "Allah ya ba ka nasara, kada ka yi irin ta Dabo marini." Sarki ya toshe hanci, ya ce ta faɗi.

Ta ce Dabo ya rantse ba zai kwashe katsi, wato dattin da ke kwantawa a gindin rijiyar rini, ba sai ya san wanda ya fara kiransa katsi. Maƙwabciyarsa Kande mai daddawa ta ce, "Kai Dabo, ka ji labarin akuyar liman?"

Wai akuyar an zuba mata dusa, ta ce ita 'yar gidan malamai ce, ba ta cin abin da ba ta san salsalarsa ba. Ta tambayi jaki, ya tura ta wurin raƙumi, raƙumi ya ce kakansa ne ya sani, ya kuwa rasu a Agadas. Kafin ta dawo kaji sun sharɓe ƙwaryar tas.

Kande ta ce, "Akuya dai ta kwana da ilimi, kaji da ƙoshi." Dabo ya yi tsaki. Katsi ya cika rijiya har baki, masu kawo rini suka koma wurin ƙaninsa.

Ungulu ta ce, "Ranka ya daɗe, ga hadari ya haɗo, juji ya toshe magudanar fada, shi kuwa ruwa ba ya tambayar suna."

Sarki ya ce, "Ke me kike kiran jujin?"

Ta ce, "Kalaci."

Ya yi dariya har rawani ya karkace, ya ce ya ji, a mayar wa Mantau tsintsiyarsa. Kafin la'asar tsohon ya share gari fes. Ungulu ta yi ta shawagi, ba ta sami ko hanjin kaza ba, har ta fara jin haushin bakinta.