Nishin Injin Baba

Akwai wani mai fito da ake kira Dogo, wanda ya gaji kwale-kwale da tsohon inji daga mahaifinsa. Injin ya girmi Dogo da shekara biyu, fentinsa duk ya goge, amma bai taɓa barin mutane a tsakiyar ruwa ba.

Abin da ya dami Dogo tun Baba na raye shi ne rashin gudu. Kowane jirgi sai ya wuce su, matasa na ɗaga musu hannu suna dariya. Dogo kuwa baki gare shi. Ya sha gaya wa tsohon a gaban fasinja cewa tsoro ne ke cin sa, shi da injinsa duk sun gama yayi. Baba sai dai ya ci gaba da tuƙinsa. Haka ciwon ƙirji ya kwantar da shi, ya rasu Dogo bai nemi gafararsa ba.

Ko wata biyu ba a yi ba, Dogo ya kwance farfelar injin, wato fankar da ke ture ruwa, wadda Baba ke aiki da ita, mai lamba goma sha ɗaya, ya miƙa wa masu sayen tsoffin ƙarafa. Ya ɗaura sabuwa mai lamba goma sha biyar, don an ce masa yawan lamba shi ne yawan gudu.

Da ya gwada jirgin ba kaya, ya tafi kamar gaske. Washegari ya loda mutane da buhuna, ya murɗa totur, sai injin ya fara nishi.

Dogo ya san wannan sautin. Haka numfashin Baba yake a kwanakinsa na ƙarshe: ya ja da ƙyar, ya sarƙe, ya sake ja.

Ya canja fulogi, ya canja mai, nishin na nan. Ya kai ga ko yana cin abinci da rana tsaka sai ya ji shi a kunnensa, ya ajiye cokali. Ya rame, idanunsa suka faɗa. Bai gaya wa kowa ba, amma a ransa ya gama yanke hukunci cewa Baba ya tafi da fushinsa.

Wata safiya a tsakiyar kogi, jirgi cike da mata 'yan kasuwa, injin ya yi zafi, ya tashi hayaƙi, ya kasa ture ruwa. Ruwa ya fara jan su ƙasa. Mata na salati, Dogo kuwa ya durƙusa a gaban inji yana cewa, "Baba ka yafe mini, Baba ka yafe mini." Wani jirgi ne ya jefo musu igiya ya ja su zuwa gaɓa.

Ranar ya sa aka ɗauki injin a baro zuwa rumfar bakaniken da ke yi wa Baba gyara, wani dattijo mai ido ɗaya. Dogo ya ce a sayi injin ko nawa ne, shi dai ba zai sake zama da shi ba, don akwai abu a cikinsa.

Dattijon ya shafa farfelar, ya karanta lambar, ya girgiza kai. Ya bayyana masa cewa lambar nan tsawon takun da farfela ke yi ne a kowane juyi. Mai dogon taku sai inji mai ƙarfi da jirgi marar nauyi. Tsohon inji mai ɗaukar kaya gajeren taku yake so, don ya samu ya juya sosai ya numfasa.

"Ba aljani ba ne, ɗana. Ka sa tsoho ya hau tudu da kaya, kana ce masa ya yi tsalle."

Dogo ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Kawu, waccan ta Baba na riga na rabu da ita."

Dattijon ya shiga can ƙuryar rumfa, ya fito da wani abu naɗe cikin tsumman buhu, ƙura ta rufe shi. Farfela ce sabuwa, mai lamba goma sha ɗaya.

"Mahaifinka ya kawo ta kafin ya kwanta. Ya ce, 'Ina tafiya yaron nan zai canja farfela, ni ma haka na yi wa ubana. Idan ya zo ka ba shi, kuma kada ka yi masa faɗa.'"

Dogo ya karɓe ta da hannu biyu, ya rungume ta. Sai da dattijon ya dafa shi ya zaunar da shi a kan benci.

Washegari Dogo ya mayar da injin, ya ɗaura masa farfelar, ya loda jirgi ya tayar. Injin ya ɗauka tas, babu nishi ko kaɗan. Jirage biyu suka wuce shi, matasa na ɗaga hannu. Fasinja suka ga direbansu na tuƙi hawaye na zuba har cikin rigarsa, ba wanda ya san dalili.

Darasi: Kada ka ɗauki natsuwar tsofaffi a matsayin tsoro ko gazawa, sau da yawa sun auna nauyin da kai ba ka taɓa ɗauka ba. In naka na raye, ka je ka nemi gafararsu yau, domin ba kowa ake barin wa saƙo ba. Ku tura wa 'yan'uwa da abokai, wataƙila wani ya gyara tun da sauran lokaci.