Mutumin da Ya Sayar da Amininsa Don a Yi Dariya

An yi wani mutum a Salaga, ɗan kasuwar doya, wajen shekarar 1988. Ba zan faɗi sunansa ba, 'ya'yansa suna raye. Kowa Mai Doya yake ce masa.

Mutumin nan yana da farfaɗiya tun yana yaro. Bayan mahaifiyarsa, ba wanda ya sani sai Mikaila, abokinsa tun makarantar allo. Mikaila ne ke zama kusa da shi a motar kaya. In ya ga idonsa ya kafe, sai ya kwantar da shi ta gefe, ya tallafi kansa, ya lulluɓe shi da mayafi, ya ce wa mutane zazzaɓi ne. Haka ya rufa masa asiri har suka yi furfura.

Shi ma Mikaila ya ba shi ajiyar nasa sirrin: kakarsa baiwa ce, a kasuwar Salaga aka saye ta. Ku da kuka san garin, kun san ba a taɓa wannan magana ko da wasa.

Sai Allah ya buɗa wa Mai Doya. Ya fara kai kaya Yendi da Bawku, ko'ina ya sauka ana dafa masa shayi, ana kewaye shi. Ga shi da bakin ba da dariya. Ya riƙa cewa, "Ni fa gari uku nake da mutane."

Mutane? Wane irin mutane, ya 'yan uwa?

Wata rana da la'asar a Yendi, hira ta yi sanyi. Mai Doya ya duba bai ga abin da zai jefa ba, sai ya nuna Mikaila da ke ɗaure buhu, ya ce, "Ku bar shi da dako, gado ne. Kakarsa ma da igiya aka kawo ta."

Aka fashe da dariya har da buga ƙafa. Mikaila ya ƙarasa ɗaurin buhun, ya ɗauki butarsa, ya tafi. Maganar ta riga shi isa Salaga. Dangin saurayin da ke neman 'yar Mikaila, Salimatu, suka aiko a mayar musu da goronsu.

Mai Doya ya je ba da haƙuri? Bai je ba. Cewa ya yi, "Wasa ne fa. In ya tafi, ina da ɗari irinsa."

Da damina ya sauka Bawku shi kaɗai. Ana zaune ana shan shayi a bakin kasuwa, an ɗauke ruwa ke nan, ciwon ya taso masa. Ya kife rub da ciki a cikin kwata. Wallahi ruwan bai kai idon sawu ba.

Ɗarin nan suka watse. Wani ya ce kada a taɓa shi, yawunsa na ɗaukar mutum. Ƙarya ce, ba a ɗaukar farfaɗiya, amma wa zai gaya musu? Suka tsaya daga nesa suna salati har ransa ya fita a cikin ruwan. Alhali hannu ɗaya tak ake bukata ya juya masa fuska. Mai hannun yana Salaga yana rarrashin 'yarsa.

Da aka zo sallar gawa, liman ya tambaya, "Yaya sunansa? Ɗan wa ne?" Suka dubi juna. Mai Doya kawai suka sani.

Da labari ya kai Salaga, Mikaila ya iso bayan an rufe Mai Doya. Ya durƙusa a kan kabarin yana kuka, ya kira shi da sunansa na yanka, ya ce ya yafe.

Ya 'yan uwa, wanda ya san laƙabinka, ya sha shayinka, ya yi dariyar maganarka, sanayya ce kawai tsakaninku. Ku gaisa, ba laifi. Aboki shi ne wanda ya ga aibinka ya rufe, kuma ya san ta gefen da ake juya ka in ka faɗi. In Allah ya ba ka ɗaya, riƙe harshenka a kansa. Tona asirin Musulmi zunubi ne, balle na wanda ya rufa naka.

Allah ya kiyaye mu da harsunanmu. Allah kada ya kashe mu a tsakiyar mutanen da ba su san sunanmu ba. Amin.